Jibirilla da Duwatsun Gubaira

Duk wanda ya zauna a unguwar Gubaira ta birnin Riyad ko da na wata guda ne, in ya ce bai san Jibirilla ba, to ko dai kurma ne ko kuwa bai taɓa tsayawa shan shayi a bakin baƙala, wato kantin unguwa, ba. Direba ne a gidan wani dattijon Balarabe a Nasiriyya, shekara goma sha ɗaya yana kai jikoki makaranta yana ɗauko su. Amma in ka ji shi yana zuba, sai ka rantse shi ya shata titunan Riyad da hannunsa. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa riƙe wa matuƙi sitiyari. In ana zancen dambe, akwai wani ƙato a Gusau da har gobe da gefe guda yake tauna.

Wata Alhamis kafil ɗinsa, wato dattijon da yake wa aiki, ya sa aka share ɗakin ajiya. A cikin tarkace aka fito da wata jita mai aiki da lantarki, ja wur, da amfilifaya mai girman akwatin lefe. Kayan babban ɗan gidan ne tun yana saurayi, yanzu kuwa likita ne har da furfura. Dattijon ya dube su ya ce, "Ya Jibril, kai wannan bola."

Bola ba ta ga komai ba. Da la'asar sakaliya sai ga Jibirilla a majalisa, jita rataye a wuya.

"Kyautar girmamawa ce," in ji shi. "Tsohon ya kalli hannuna ya ce, ya Jibril, zalunci ne a bar waɗannan yatsu a kan sitiyari."

Kwana uku ya yi yana kallon waɗansu Turawan zamanin da a waya, masu gashi har kafaɗa, suna tsalle suna ihu, jama'a na suma a gabansu. A rana ta huɗu ya tara mutum uku a ɗakinsa. Akwai Salissou, ɗan Damagaram, lebura a wani kamfanin gine-gine, wanda ya gaji kiɗa wajen mahaifinsa, in ya samu bokitin fenti sai ya sa shi magana. Akwai Laouali, mutumin Maraɗi, mai walda, wanda ke kaɗa gurmi a ɗaki yana fuskantar bango, don in mutum biyu suka zuba masa ido sai yatsunsa su sandare. Sai Kamil, mai gyaran wuta, magidanci mai 'ya'ya uku, haifaffen Riyad, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa tsayuwa.

Jibirilla ya gyara murya. "Duk manyan ƙungiyoyin kiɗan nan na duniya, kun san yadda suka fara? Talakawa huɗu, gareji ɗaya, maƙwabta na zagi. Bayan shekara biyu sai jirgin sama nasu na kansu. To mu duba. Talauci muna da shi. Maƙwabta masu zagi, alhamdu lillahi. Gareji kawai ya rage."

"Wane irin kiɗa ne?" in ji Salissou.

"Rok."

"Me ke nan?"

"Dutse, da Turanci."

"To me suke yi da dutsen?"

"Ba a yin komai da shi, Salissou! Nauyin kiɗan ake nufi. Daga yau sunanmu Duwatsun Gubaira. Ni ne babban dutse."

Kamil ya samo wata tsohuwar jita a kasuwar gwanjo, baƙa, duk ta sha jiki. Jibirilla ya miƙa wa Laouali ita kamar mai ba da sadaka. "Riƙe wannan, ka riƙa bin bayana a hankali. Kada ka ji kunya in ka kasa, ba kowa aka haifa da abin ba."

Laouali ya ce, "To, Malam." Ya tafi da ita ɗaki. Kafin mako ya zagayo, jitar nan kuka take a hannunsa kamar ta san wani da ya rasu.

Gwajin farko a saman bene aka yi shi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin watan Yuli. Rana ta take, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Sai ga Jibirilla ya hauro sanye da baƙar jaket ɗin fata da wando matsattse, ya kafa gashin kanti har gadon baya. Gumi na bin haɓarsa yana ɗiga.

"Wallah za ka mutu," in ji Kamil.

"Da ma ba a yin suna a cikin sanyi. Jona mini."

Kamil ya jona. Jibirilla ya murɗe duk wani abin murɗawa da ke jikin amfilifaya har ƙarshe, ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannu sama, ya sauke shi a kan tsirkiyoyi.

Abin da ya fito ba shi da suna. Tattabarun maƙwabci suka tashi gaba ɗaya, an ce uku daga cikinsu har yau ba su dawo ba. Sai kuma aka ji ɗas, wutar gidan ta ɗauke. Duk na'urorin sanyaya ɗaki na hawa huɗu suka yi tsit a lokaci guda, mutane suna tsakiyar ƙailula.

Wadda ta fara hawowa ita ce Hajiya Rahina ta hawa na biyu, mai tuyar masa, shekararta talatin a Saudiyya, ba ta tsoron kowa sai Allah. Muciya na hannunta.

"Wa ake yankawa?"

"Hajiya, fasaha ce."

"Fasaha? Ni na ɗauka jaki ne ya faɗa injin markaɗe. Kai, Jibirilla, mene ne wannan a kanka? Wutsiyar wa ka yanko?"

"Hajiya, wata rana za ki ba jikokinki labari cewa a saman ɗakinki aka fara."

"A saman ɗakina za a ƙare kuma. Ƙulluna yana firji, in ya yi tsami kai za ka shanye shi ɗanye."

Bayanta sai ga mai gadin gidan, wani dogon Basudane, da 'yan haya wajen goma, kowa da singileti da jajayen idanu. Mai gadi bai ɗaga murya ba. Ya ce in ya sake jin wannan abu, shurɗa zai kira, wato 'yan sanda, su zo su duba ko a iƙamar Jibirilla, takardar izinin zamansa, an rubuta direba ko makaɗi.

Suna saukowa da kaya Salissou ya ce, "Malam Jibirilla, ina ga jirgin da ka ce za mu hau ya kusa. Sai dai na mayar da mutane gida ne."

"Kun ji zagi dai ko? To haka aka yi wa na farko. Muna kan hanya."

Suka koma shagon waldar da Laouali ke aiki, tunda ranar Juma'a a rufe yake. Gareji ya samu ke nan. Amma matsalar ta bi su har can. Da Salissou ya ɗauko kiɗa a kan bokitansa, Laouali ya bi shi da jita, sai abu ya fara daɗi, sai Jibirilla ya faɗo ciki kamar an jefa tukunya a rijiya. Ya katse tsirkiya biyu a rana ɗaya. Magen shagon ta kwashe 'ya'yanta ta bar unguwar.

Da ya fita sayen ruwan sanyi, sauran ukun suka dubi juna.

"A gaya masa," in ji Salissou.

"Wa zai gaya masa?" in ji Laouali. "Amfilifaya tasa ce."

Kamil ya yi ta murza wata wayar wuta. Can ya ce, "Halas, shi ke nan. Ku bar mini."

Da Jibirilla ya dawo, Kamil ya tarbe shi da wani ƙaton hedifon. "Ya Jibril, ka duba bidiyo da kyau. Manya duka suna sa wannan, don su ji kansu, kada ƙananan makaɗa su rikita su."

"Na sani mana! Da ma ina jira in ga ko za ka tuna."

Kamil ya jona jitar Jibirilla a wani ɗan akwati da ba ya kai sauti ko'ina sai kunnen mai ita. Ya ja wata doguwar waya daga akwatin zuwa bayan amfilifaya kamar a can za a jona ta, ya ɗaure ta a ƙafar tebur. Jitar Laouali kuwa ya ba ta lasifika gaba ɗaya.

Daga ranar Duwatsun Gubaira suka zama abin saurare. Laouali na zaune a bayan wasu ƙofofin ƙarfe da aka jingine, ba mai ganinsa, yana zuba wani kiɗa mai nauyi da ke tashi kamar gurmi ya sauka kamar tsawa. Salissou na dukan bokitai da wani tsohon wilin mota. Jibirilla kuwa yana gaba, ido a rufe, yana jin ɓarnarsa shi kaɗai a kunne, yana tsalle, yana durƙuso, yana kaɗa gashi. Masu wucewa suka fara tsayawa. Juma'a ta biyu mutum ashirin, ta uku titi ya cushe, har 'yan Pakistan masu gyaran mota suna leƙe ta kan kafaɗar juna. Kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, kuma kowa Jibirilla yake ɗauka.

Da aka nuna masa bidiyon farko, sai ya saurara, ya sake saurara, idonsa ya kawo ruwa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe daga nesa na fi daɗi."

Alhaji Idrisu, wani ɗan kasuwa a Jaradiyya, ya gayyace su sunan ɗansa a wata istiraha, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya don biki. Aka ci kabsa aka ƙoshi, suka hau kiɗa. Laouali ya laɓe bayan tankin ruwa. Ana tsakiyar abu Jibirilla ya yi wani juyi, gashin kanti ya tashi sama. Ya saki jita ya cafe shi da hannu biyu, ya tsaya yana gyara shi a kai. Kiɗan jita kuwa bai fasa ba, sai ma ƙara zaƙi da ya yi.

Da aka tashi wani tela ya matso. "Malam Jibirilla, na ga abin mamaki. Ka saki jita, amma ba ta daina ba."

Jibirilla ya ɗan yi turus, amma bakinsa bai taɓa jiran kansa ba. "Jita in ta ɗauki zafi haka take. Kamar mota ce a gangara, ko ka ɗaga ƙafa tana tafiya."

Kafin ya isa gida shi kansa ya yarda da zancen.

Hajiya Rahina ce kaɗai ba ta saya ba. Ta tare shi a matattakala. "Na ga bidiyonka. Yatsunka na gabas, kiɗa na yamma."

"Salo ne, Hajiya. Sautin ne yake riga hannu."

"Uhm. Ni dai na san masa ba ta riga tanda."

Bidiyon ya zagaya Jidda, ya leƙa Makka, ya tsallaka har Kano da Maraɗi. Jibirilla ya daina amsa sallama da baki, sai da ɗaga yatsu biyu. Ya fara sa baƙin tabarau a cikin baƙala. Ranar nan ya kai jikokin kafil makaranta da gashin a kansa, ƙaramar ta yi ta kuka har aka kira uwarta.

Sai babbar gayyata ta zo. Kamfanin da Salissou ke aiki zai yi bikin ranar ma'aikata, ranar Asabar bayan la'asar, a filin sansaninsu da ke bayan gari. Ma'aikata wajen dubu biyu, kowace ƙasa za ta nuna abinta. Mudir, wato shugaban wurin, ya ga bidiyon, ya kira Salissou ofis ya tambaye shi ko da gaske mutanensa ne. Salissou ya bugi ƙirji. Mudir ya ce to su za su rufe taro, manyan kamfani za su zo, kada a ba shi kunya.

Ana jibi biki Jibirilla ya kira taro a shago. Ya ajiye waya a kan tebur, ya kunna bidiyo.

"Ku saurara da kyau. Jita nawa kuke ji?"

Salissou ya ce, "Ɗaya."

Ya kunna wani. "Nan fa?"

"Ɗaya."

"Bidiyo goma sha bakwai na bi ɗaya bayan ɗaya. Jita ɗaya ake ji, tawa. To Laouali, don Allah me kake yi mana a bayan nan? Wata uku kana cin kabsar Duwatsu, ko ƙyas ba a taɓa ji daga gare ka ba. Ba na wulaƙanta mutum, amma wannan babban dandali ne. Ka huta."

Laouali ya dube shi, ya dubi ƙasa. Ya jingine baƙar jitar a bango a hankali, ya ce, "To, Malam. Allah ya ba da sa'a." Ya fita.

Salissou ya miƙe tsaye. "Kai, Malam Jibirilla! Aikina ne fa a kan wannan abu!"

Kamil ya ce, "Ya Jibril, isma. Saurara. Jita ɗaya da kake ji, ta Laouali ce. Wayarka a ƙafar tebur take ɗaure. Wallahil azim. Zo ka gani."

Jibirilla ko waiwayawa bai yi ba. Ya yi wani murmushi na tausayi. "Na san za a zo nan. Duk tarihinsu na bi. Da nasara ta leƙo sai abokan tafiya su fara cewa ai mu ne, ai mu ne. Hassada ga mai rabo taki ce. Asabar kowa zai ji da kunnensa."

"Abin da muke tsoro ke nan," in ji Salissou.

Ranar Asabar filin ya cika maƙil. 'Yan Bangladash suka yi waƙarsu, 'yan Nepal suka yi rawa, Sudanawa suka yi tsalle da sanduna. A gefe an jera rumfunan abinci, Hajiya Rahina na ɗaya daga ciki da tandarta, an ɗauko ta ta yi wa 'yan Najeriya da Nijar masa. A bayan rumfarta Laouali ya rakuɓe, ya ja hula har gira. Salissou ne ya yi ta roƙonsa har ya zo, ya kuma ɓoyo baƙar jitar a cikin buhun bokitansa.

Dabarar Kamil ita ce ya sake ɗaure wayar a wani wuri, a ɓoye Laouali a bayan dandali. Amma kayan sautin kamfani na hannun wani injiniya ɗan Filifin, mai tsananin son aikinsa, wanda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kan na'urarsa. Ya bi wayar Jibirilla da hannu har ƙarshenta, ya ga ba ta shiga ko'ina ba. Ya girgiza kai.

"Sadik, wannan waya mafi kwayis," ya ce da guntun Larabcinsa, wai aboki, wayar ba ta da kyau. Ya zare ta, ya kawo sabuwa fil, ya jona jitar a lasifikoki takwas, kowace ta fi firji tsawo. Ya cire hedifon daga kan Jibirilla ya ajiye.

Kamil ya ce, "La, la, ya injiniya, bar shi yadda yake!"

"Ka gani?" in ji Jibirilla. "Har a nan ma so yake ya danne ni. Na gode, injiniya. Ƙara mini murya."

Ya kuma zo da nasa shirin. Ya ga Turawan nan suna fitowa daga cikin hayaƙi, don haka ya jera kaskon turaren wuta huɗu a bakin dandali, ya zuba musu gawayi da turare kamar ana gyaran ɗakin amarya. Hayaƙi ya turnuƙe. Aka kira suna. Ya fito daga ciki yana tari, ya kama makirufo.

"Ya jama'ar Riyad! Yau za ku ga dutse!"

Aka yi tafi, don da yawa sun ga bidiyo. Mudir da manyan baƙi na zaune a layin gaba, kowa da ɗan kofin gahawa. Salissou ya ɗaga sanduna, ya yi salati a zuci, ya fara. Jibirilla ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Mutum dubu biyu suka toshe kunne a lokaci guda. Wani babban baƙo ya watsa wa farar rigarsa gahawa. Motocin da ke fake a bakin fili suka ɗauki kuka. Jibirilla da kansa ya yi baya taga-taga, don bai taɓa jin abin a fili haka ba. Ya sake bugawa, ko an samu kuskure. Na biyun ya fi na farko muni, kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan kwalta ana kuma taka wutsiyar kare.

"Injiniya!" ya daka tsawa. "Lasifikarka ta lalace!"

Injiniya ya hauro da gudu, ransa a ɓace. Ya karɓi jitar, ya ɗan murɗa kunnuwanta, ya zuba wani ɗan kiɗa mai tsabta kamar ruwan sama. Ya miƙa masa abarsa. Bai lura makirufo na kusa da bakinsa ba.

"Jita kwayis. Lasifika kwayis. Inta mushkila."

Wannan Larabcin ko wanda ya sauka jiya ya gane shi: kai ne matsalar. Filin ya fashe da dariya, Bangali na dukan Banepale, Basudane na riƙe ciki. Daga rumfar masa aka ji muryar Hajiya Rahina ta keto taro: "A gaya masa da Hausa ma, ko zai fi ji!"

Jibirilla ya ga abu na neman ƙwacewa, sai ya yanke shawarar fito da babban makaminsa, wani tsalle da ya yi mako biyu yana koyo, wanda ake tashi sama a sauko a kan gwiwa. Ya tashi lafiya. A saukowa wando ya ce ɓarrr tun daga gaba har baya, gashin kanti ya yi nasa wuri, ya faɗa cikin kaskon turare. Nan take ya kama da wuta, wari ya gauraye fili. Kamfanin gine-gine kuwa ba a rasa jami'an kiyaye haɗari, kuma waɗannan sun shekara suna jiran ranar da za su nuna aikinsu. Uku suka hauro da tukwanen kashe gobara. Ɗaya ya fesa wa kaskon. Biyu suka fesa wa Jibirilla.

Da farin ƙurar ya lafa, sai ga shi tsaye fari fat tun daga sanƙo har takalmi, ido biyu kawai ke motsi. Ya waiwaya. Salissou ya ajiye sanduna, ya dafe kai. A layin gaba mudir ba ya dariya ko kaɗan, ya kafe Salissou da ido, irin kallon da ke nufin gobe ka same ni a ofis.

Jibirilla ya dubi jitar, ya dubi yatsunsa. Ya matsa kusa da Kamil, murya ƙasa-ƙasa.

"Kamil. Zancen ƙafar tebur ɗin nan."

"Wallahil azim."

"Bidiyo goma sha bakwai?"

"Duka."

Ya haɗiyi yawu mai ɗanɗanon hoda. Ya kama makirufo. "Laouali! Na san kana nan. Don girman Allah ka hauro."

Laouali ya yi niyyar zamewa ta bayan rumfa, amma Hajiya Rahina ta riƙe masa riga. Ta tasa shi gaba da cokalin juya masa har bakin dandali. Salissou ya zaro baƙar jita daga buhu, injiniya ya jona. Laouali ya ɗago kai, ya ga ido dubu huɗu a kansa. Yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa.

"Malam, ba zan iya ba," ya ce. "Kallona suke."

"Kallonka? Ina tsaye a nan, fari kamar fatalwa, wando a yage, wa zai kalle ka? Koma bayana."

Jibirilla ya tako bakin dandali. Ya kama wayar jitarsa, ya fizge ta, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya wurgar. Tafin da aka yi a wurin nan har cikin gari an ji shi. Har mudir sai da ya tafa.

Ya sha gaban Laouali ya rufe shi ruf, ya ware ƙafafu iyakar yadda wando ya bari, ya fara kaɗa sanƙo, hoda na tashi. Duk ido ya koma kansa. A bayansa aka ji wani siririn sauti ya fito a tsorace, ya tsaya, ya sake fitowa. Salissou ya tare shi da bokiti. Sai kiɗan ya miƙe, ya yi nauyi, ya cika filin. Kafin minti biyu babu wanda ke zaune. Sudanawa sun dawo da sandunansu, injiniya na kaɗa kai a bayan na'ura, baƙon da ya ɓata riga yana ɗauka da waya. Sau uku ana cewa a ƙara. Da aka gama mudir ya hauro da kansa ya dafa kafaɗar Salissou, ya ce baɗi ma su ne.

Jibirilla ya sauko yana haki, ya ɗaura jaket a ƙugu don rufin asiri. Ya nufi rumfar masa. Hajiya Rahina ta miƙa masa gorar ruwa.

"Hajiya, kin dai ji tafin da aka yi mini da na zare waya."

"Na ji. Har da nawa a ciki."

"To a faɗa mini wani makaɗi a duniya, Bature ko Balarabe, da aka taɓa yi wa tafi irin wannan don ya daina. Babu! Kuma wa ya gano Laouali? Wa ya ba shi jita? Da ma duk shiri ne, so nake in fito da shi ta yadda ba za a manta ba. Ita kanta gobarar..."

"Jibirilla."

"Na'am, Hajiya."

"Jita ka kashe aka yi maka tafi. Ranar da ka kashe bakin nan, wallahi guɗa zan yi maka."

Ya buɗe baki zai mayar da martani, sai hodar ta sarƙe shi. Ya kafa gora a baki ya hau kwankwaɗa. Daƙiƙa biyar, goma, goma sha biyar, ba a ji muryar Jibirilla ba.

Hajiya Rahina ta ajiye cokali, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.